Wane horo ya dace da mai son sana'ar rezo na kwamfuta a Maradi?

Tambaya: Na samu bak D a bana, ina zaune a Maradi, kuma ina son in yi sana'ar haɗa kwamfutoci da kula da rezo. Yayana ya ce zai ɗauki nauyin karatun. Akwai wata cibiya a gari da ta ce za ta koyar da CCNA cikin wata uku ta ba da takarda, akwai karatun shekara biyu na BTS ko DUT, wasu abokaina kuma suna cewa in tsallaka Katsina ko Kano in yi kwas da Ingilishi. Wanne ya fi?

Amsa: Ƙanena, kafin ka kwatanta farashi ko yawan watanni, ka fara rarrabe takardun da ake maganarsu, domin abubuwa uku ne mabambanta ake haɗawa a baki ɗaya, kuma a nan ne kuɗin iyaye ya fi salwanta. Akwai difloma ta gwamnati, irin BTS, DUT ko lisans, wadda hukumomin ilimi mai zurfi suka san da zamanta, ita ce kuma ake nema idan za ka shiga gasar ɗaukar ma'aikatan gwamnati ko ka ci gaba da karatu. Akwai takardar shaidar kamfani, irin CCNA ta Cisco, MTCNA ta MikroTik ko HCIA ta Huawei, wadda kamfanin da ya ƙera na'urorin ne ke bayarwa bayan mutum ya ci jarrabawarsa. Sannan akwai takardar halarta, wadda kowace cibiya ke iya bugawa da tambarinta, kuma ba ta shaida komai sai cewa ka zauna a ajinsu. Cibiyar da ta ce za ta ba ka CCNA cikin wata uku, kusan ko da yaushe wannan ta ukun take nufi, domin babu makarantar da ke da ikon ba da CCNA da hannunta. Jarrabawar tana da lamba 200-301, ana rubuta ta ne ta hannun kamfanin shirya jarrabawa na Pearson VUE, ko dai a cibiyar jarrabawa da aka amince da ita ko ta intanet ana kallonka ta kamara, tana ɗaukar minti 120, kuma kuɗinta dalar Amurka 300 ne, wanda ya haura jaka 160 na kuɗinmu gwargwadon canjin ranar.

Saboda haka tambayarka ta farko ga mai wannan cibiya ita ce ko kuɗin da za ka biya ya haɗa da kuɗin jarrabawar, da kuma inda ɗalibansa suke zuwa su rubuta ta. Ka kuma roƙi malamin da zai koyar da ku ya nuna maka tasa takardar, domin duk wanda ya ci CCNA yana da lambar da ake tabbatarwa a shafin Cisco, kuma takardar tana mutuwa bayan shekara uku idan ba a sabunta ta ba. Malamin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba ka amsa.

Akwai kuma lissafi mai sauƙi da za ka yi da kanka. Makarantar intanet ta Cisco, wadda aka fi sani da NetAcad kuma take aiki tun 1997, ta raba karatun CCNA kashi uku, kowane kashi an tsara shi a kan kimanin awa 70, wato awa 210 ke nan gaba ɗaya, ban da aikin da ɗalibi zai yi shi kaɗai a gida. Idan cibiya tana karatu sau uku a mako, awa biyu kowace rana, to cikin mako 13 awa 78 kawai za ta haɗa. Wannan ya ishi kashin farko, wanda ke bayanin yadda saƙo ke tafiya daga kwamfuta zuwa kwamfuta da yadda ake raba adireshi, amma ba zai kai ka ga sauran biyun ba. Ba ina cewa kwas na wata uku ba shi da amfani ba ne. Ina cewa a kira shi da sunansa, a kuma biya shi kuɗin da ya dace da shi.

Yanzu mu duba aikin da ke akwai a zahiri, domin horo ana zaɓarsa ne da aikin da ake hange. Kamfanonin waya huɗu ne a ƙasar nan, wato Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da ta gaji Orange, da kuma Niger Telecoms da aka kafa bayan haɗe Sonitel da SahelCom. Manyan na'urorinsu da injiniyoyin da ke tsara su galibi a Yamai suke, kuma aikin da ke faɗowa Maradi, irin kula da turakun eriya, jan wayar fiba da haɗa ta, da kai layi ofis, sau da yawa ƙananan kamfanonin da suka karɓi kwangila ne ke yin sa. Haka abin yake ga rassan bankuna da shagunan tura kuɗi: ana saita rauta, wato na'urar da ke haɗa rezon ofis da waje, daga hedkwata, amma ana buƙatar mutum a nan wanda zai gane ko matsalar ta waya ce, ta wuta ce, ko ta kamfanin intanet ce, ya kuma yi bayani a waya ba tare da ya ruɗa injiniyan Yamai ba. Bayan waɗannan akwai ƙungiyoyin agaji, asibitoci, makarantu, otal-otal, da alhazan gari da ke son kamarori a shago da sito da gida su riƙa kallo daga wayarsu. Sai kuma masu sayar da wifi da tikiti a unguwanni, sana'ar da ta ƙara bunƙasa tun da Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025. Idan ka lura, mafi yawan wannan aiki na hannu ne: jan kebul, ɗaura eriya, saita MikroTik, kamarori da wutar da za ta riƙe su. Na'urorin Cisco masu tsada ba su ne za ka fi taɓawa a shekarunka na farko ba. Duk da haka ilimin da ke cikin CCNA shi ne tushen da ke sa mutum ya fahimci abin da yake yi a kan kowace na'ura, ko ta wane kamfani ce, shi ya sa ban yarda da masu cewa a yi watsi da shi ba.

Shawarata a gare ka, tun da bak ɗinka sabo ne kuma akwai mai ɗaukar nauyi, ita ce ka ɗauki karatun shekara biyu a matsayin ginshiƙi, ka ɗora takardun kamfanoni a kansa. Difloma ba ta mutuwa bayan shekara uku. Tallan neman ma'aikata a ƙasar nan, na gwamnati ne ko na ƙungiyoyi, kusan kullum yana farawa ne da sharaɗin bak da shekara biyu ko uku, kuma mai tace takardu a ofishin ɗaukar ma'aikata ba lalle ne ya san darajar CCNA ba, amma ya san BTS. Ƙari a kan haka, karatun shekara biyu yana ba ka abubuwan da gajeren kwas ba ya bayarwa: lantarki, ɗan lissafi, rubuta rahoto da Faransanci mai tsabta, da kuma sitaj, wanda a wannan sana'a shi ne ƙofar da mafi yawan matasa ke bi su samu aikin farko.

Sai dai ba kowane karatun shekara biyu ne ya cancanci kuɗin yayanka ba. Ka tabbatar makarantar tana da izinin gwamnati a kan wannan fanni takamaimai, ba izinin buɗe makaranta kawai ba, kuma ka tambaya ko ɗalibanta suna zama jarrabawar BTS ta ƙasa ne ko difloma ce ta makarantar kaɗai ake bayarwa. Idan kana tunanin wata rana za ka ci gaba a Dakar ko Wagadugu, ka tambaya ko CAMES, hukumar da ke tantance diflomomi tsakanin ƙasashen Afirka masu Faransanci, ta amince da diflomar. Ka kuma karanta sunan fannin da kyau, domin akwai karatun kwamfuta na harkar gudanarwa, wanda ya fi karkata ga lissafin kuɗi da rubuta manhajar ofis, akwai kuma na rezo da sadarwa, wanda shi kake nema. Ɗalibai da yawa sai sun yi rabin shekara suke gane sun shiga ajin da ba nasu ba. Ka fara da zuwa Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke nan Maradi, ka nemi jerin fannonin da ake ɗauka a bana a cibiyarta ta fasaha, kada ka dogara da ji-ta-ji-ta. Ko da fannin lantarki ka samu, ba asara ba ce, domin mai aikin rezo da ya san wuta ya fi wanda bai sani ba daraja a garin da kuran ke yawan ɗaukewa. Jami'ar Doso ta karkata ga fasahar zamani da sadarwa, a Yamai akwai makarantar koyon kwamfuta ta IAI-Niger, sannan ga wanda ya yi nisa akwai ESMT ta Dakar, wadda ƙasashen yankin nan, har da Nijar, suka kafa tare a 1981 domin horar da ma'aikatan sadarwa.

Abin da zai raba maka gardama tsakanin makaranta da makaranta, ko cibiya da cibiya, shi ne ɗakin gwaji, kuma a nan gani ya kori ji. Kada ka biya ko dala kafin ka shiga wannan ɗaki da ƙafarka, kuma ka roƙi a bar ka ka zauna darasin aiki guda. Ka duba ko akwai rauta da suwic (na'urar da ake jona kwamfutoci da yawa a jikinta) na gaske da aka kunna, ba waɗanda aka jera a kabad domin hoto ba. Ka duba ko akwai kebul ɗin da ake shiga na'ura da shi kai tsaye daga kwamfuta, da filayar matse kan waya, da ƴar na'urar gwada kebul mai fitilu takwas, da tarin kawunan RJ45 da ɗalibai suka lalata wajen koyo. Ɗakin da ka tarar da shi tsaf, babu guntun waya ko ɗaya a ƙasa, ɗaki ne da ba a aiki a cikinsa. Ka ƙirga ɗalibai nawa ne a kan na'ura ɗaya. Idan sun wuce uku, mutum ɗaya ne ke bugawa sauran suna kallo, kuma mai koyon ɗinki da bai taɓa taka keke ba, ko ya shekara yana kallon tela, ba zai fitar da wuyan riga ba.

Bayan haka ka nemi ɗalibin da ya kusa gamawa, ka yi masa tambaya biyu cikin raha. Ka ce ya jera maka launukan kebul bisa tsarin T568B. Wanda ya saba zai faɗa maka ba tare da tunani ba: fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Sannan ka ce ya raba rezo mai adireshi 192.168.10.0/24 gida huɗu daidai. Amsar ita ce kowane gida zai zama /26, yana da adireshi 64 waɗanda 62 daga ciki ne ake ba na'urori, kuma gidajen suna farawa daga 0, 64, 128 da 192. Ɗalibin da aka koyar da kyau zai yi wannan a bayan takarda cikin minti ɗaya. Idan ya ce sai ya buɗe manhaja a waya, to an koya masa danna maɓalli ne ba a koya masa dalili ba. Ko da kai ba ka fahimci amsar ba tukuna, saurin bakinsa da natsuwarsa za su nuna maka irin horon da ya samu.

Tambaya ta uku ta malamin ce: shin yana lalata rezo da gangan ya ce ɗalibai su nemo matsalar? A ganina wannan ita ce alama mafi ƙarfi ta horo mai kyau, domin a bakin aiki ba safai ake kiranka ka gina sabon abu ba, kiranka ake yi saboda abin da ke aiki jiya ya tsaya yau. Malami nagari zai canza adireshin ƙofar fita a kwamfuta ɗaya, ko ya saka tashar suwic a VLAN, wato rukunin da aka ware a cikin rezo, da ba tata ba, ko ya kashe DHCP, wanda ke raba wa kwamfutoci adireshi, ko ya kunna DHCP na biyu a ɓoye, sannan ya koma gefe. Ɗalibi zai koyi bin matsala daki-daki: ya duba fitilar tashar, ya duba ko kwamfutar ta samu adireshi, ya gwada kaiwa ga rauta, ya gwada kaiwa waje da lambar adireshi, sannan ya gwada da suna domin ya gane ko DNS, mai mayar da suna zuwa lambar adireshi, ne ya mutu. Misali, kwamfutar da adireshinta ya fara da 169.254 tana shaida maka cewa ta nemi adireshi ba wanda ya amsa mata. Wanda ya san wannan ya rage wa kansa awa guda na lalube. Idan makaranta tana koyar da Wireshark, manhajar da ke nuna saƙonnin da ke wucewa a kan waya ɗaya bayan ɗaya, to ka ƙara mata maki.

Game da abin da manhajar karatu ya kamata ta ƙunsa, jarrabawar CCNA kanta ma'auni ce mai kyau ko da ba yanzu za ka zauna ta ba. Tun daga Fabrairun 2020 jarrabawa ɗaya ce, kuma an raba ta fanni shida: tushen rezo kashi 20 cikin ɗari, haɗa na'urori ta suwic da wifi kashi 20, bi da saƙo tsakanin rezo da rezo kashi 25, ayyuka irin DHCP, DNS da NAT kashi 10, tsaro kashi 15, sai sarrafa na'urori ta hanyar rubuta manhaja kashi 10. Ka ɗauki wannan ka auna takardar darussan makarantar da shi. Idan babu OSPF, tsarin da rautoci ke bi su sanar da juna hanyoyi, babu IPv6, sabon tsarin adireshi, babu tsaro, to manhajar ta tsufa. Ka kuma duba ko akwai Linux, domin sabar da yawa a kansa suke tafiya, da ɗan abin da ya shafi Python.

Maganar Katsina da Kano tana da tushe, amma ba inda abokanka suka ɗauka ba. Gaskiya ne ana rubuta CCNA da Ingilishi ko Japananci kawai, babu Faransanci, kuma umarnin da ake buga wa na'urori da littattafan bayaninsu duk da Ingilishi suke. To amma darussan NetAcad suna nan da Faransanci, kuma Ingilishin da wannan sana'a ke buƙata ƙunƙuntacce ne, kalmomi ne da ke maimaita kansu. Hanyar da na fi ganin tana aiki ita ce ka karanta babi da Faransanci har ka gane shi, sannan ka sauya harshen shafin ka sake karanta shi da Ingilishi. Bayan ƴan watanni za ka ga tambayoyin jarrabawa sun daina ba ka tsoro. Tafiya Nijeriya tana da kuɗin masauki da abinci, takardar da za ka dawo da ita idan ta cibiya ce ba ta fi ta nan daraja ba, idan kuma difloma ce sai ka bi hanyar neman a daidaita ta da tamu. Rufe iyaka da aka yi a 2023 ya kuma nuna cewa karatun da ya dogara da zirga-zirga ta Ɗan Isa da Jibiya yana iya tsayawa ba da laifinka ba. Na fi son ka ajiye wannan tafiya domin gajeren horo na musamman nan gaba, kamar haɗa fiba ko zaman jarrabawa, lokacin da ka san ainihin abin da za ka je nema.

MikroTik kuwa ka ba shi muhimmanci tun shekarar farko, domin shi ne zai fara kawo maka kuɗin kashewa. Kamfani ne na ƙasar Latbiya, na'urorinsa suna da araha, kuma su ne suka cika wuraren sayar da wifi da ƙananan ofisoshi. Takardarsa ta farko, MTCNA, ana samun ta ne bayan horo na kimanin kwana uku a hannun malamin da kamfanin ya amince da shi, sannan jarrabawa mai tambaya 25 cikin awa ɗaya, ana ci da kashi 60 cikin ɗari, ita ma tana aiki shekara uku. Sunayen malaman da aka amince da su suna shafin kamfanin, saboda haka ka duba kafin ka biya wani. Amma kada ka je wannan horo kana ɗanye, domin kwana uku na tsara abin da ka riga ka taɓa ne. Ka sayi ƙaramar na'urarsu guda, ka buɗe ta da Winbox, manhajar saita na'urorinsu, ka kafa wifi mai tikiti a gida, ka iyakance wa kowa saurin da zai samu, ka lalata saitin, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ka sake. A nan za ka gane dalilin da ya sa mai wifi na unguwa ke kuka cewa intanet ɗinsa ya yi nauyi da dare alhali layin yana da ƙarfi: sau da yawa mutum biyu ne ke sauke bidiyo suka shanye komai saboda ba a iyakance su ba, ko kuma eriyoyi uku ne ke ihu a kan tasha ɗaya, alhali a zangon wifi na gigahaz 2.4 tashoshi 1, 6 da 11 ne kawai ba sa hawa kan juna. Idan har za ka shiga sayar da intanet da kanka, ka fara sanin sharuɗɗan ARCEP, hukumar da ke sa ido kan harkar sadarwa. Takardar HCIA ta Huawei tana da amfani ga mai hangen kamfanonin waya, tun da na'urorin Huawei sun yawaita a wurinsu, kuma wanda ya iya CCNA ba zai sha wahala a kanta ba. Network+ ta CompTIA da CCST ta Cisco matakan farko ne. Idan kana karatun difloma ba lalle ne ka kashe kuɗi a kansu ba.

Akwai abubuwan da littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba sa damuwa da su, amma su ne ke kashe na'urori a Maradi, kuma makarantar da ta san aikinta za ta koyar da su. Zafin Afrilu da Mayu yana sa suwic da aka kulle a akwati ba iska ya riƙa kashe kansa, ƙurar hunturu tana toshe fanka, tsawar damina tana bin kebul ɗin da aka ja daga gini zuwa gini ta ƙona tashoshi idan ba a yi wa kayan hanyar ƙasa ba, dawowar kuran da ƙarfi kuma tana cinye caja. Dole ka iya lissafa yawan wutar da rauta, suwic da kamarori ke ci, ka zaɓi batir da farantan hasken rana da za su riƙe su har safe. Ka kuma iya gane kebul na jabu. A kasuwa akwai wanda aka rubuta Cat6 a kwalinsa amma cikinsa alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Idan ka kankare silin da wuƙa za ka ga fari ya fito, kuma yana karyewa da wuri in ka lanƙwasa shi. An taɓa kirana wani sito inda kamara ɗaya ke ɗaukewa kullum da dare tana dawowa da safe, mai wurin har ya fara zargin mai gadi. Kamarar tana karɓar wutarta ne ta cikin kebul, kebul ɗin na jabu ne kuma ya zarce mita 100 da ƙa'ida ta yarda, saboda haka da zarar fitilun ganin dare sun kunna suka ƙara jan wuta, sai abin da ke isa gare ta ya gaza. Wanda ya san iyakar mita 100 da bambancin jan ƙarfe da alminiyom zai gano wannan cikin ɗan lokaci.

Game da kuɗin yayanka, kada a zuba shi duka a kuɗin makaranta. Ka ware na kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da ta hannu ce, mai ƙwaƙwalwar aiki giga 8 aƙalla, 16 kuwa idan za ka yi amfani da GNS3 ko EVE-NG, waɗanda ke kunna tsarin na'urori na gaske a cikin kwamfuta. Packet Tracer, manhajar Cisco ta kwaikwayon rezo a cikin kwamfuta, kyauta ne ga duk wanda ya yi rajista a NetAcad, bayan ka sauke shi ba ya buƙatar intanet sai lokaci-lokaci domin shiga da sunanka, kuma ya isa kusan duk gwajin CCNA. Ka ware na ƙaramar MikroTik, filaya da na'urar gwada kebul, sannan a ajiye kuɗin jarrabawa gefe kada a taɓa. Idan makarantar da ka zaɓa tana cikin tsarin NetAcad a hukumance, ka tambayi malamin sharuɗɗan rangwamen kuɗin jarrabawa da akan ba ɗaliban da suka gama kashi na uku da maki mai kyau. Ka kuma nisanci masu sayar da tambayoyin jarrabawa da aka sato. Cisco tana soke takardar wanda ta kama, kuma ko ba a kama ka ba, ranar da aka ajiye maka na'ura a gabanka wajen ganawar ɗaukar aiki asirinka zai tonu.

Idan wani dalili ya hana karatun shekara biyu, to hanya ta biyu ita ce ka haɗa darussan NetAcad da zama ƙarƙashin ubangida mai aikin kamarori da wifi a gari, kana bin sa wurin aiki kana riƙe masa tsani, ka kuma leƙa ofishin FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, da na ANPE, hukumar samar da aikin yi, ka ji ko akwai horon da ake tallafawa a lokacin. A wannan hali ne kwas ɗin wata ukun zai iya yi maka amfani, matuƙar ɗakin gwajinsa ya ci jarrabawar da na bayyana.

Dangane da lokacin zaman CCNA, kada ka yi gaggawa. Shekara ukun takardar tana fara ƙirguwa ne daga ranar da ka ci, saboda haka idan ka zauna ta a shekarar farko, kusan rabin rayuwarta zai ƙare kana aji. Ka yi kashi na ɗaya da na biyu tare da MikroTik a shekarar farko, ka nemi sitaj a hutun damina ko da ba a biya, ka yi kashi na uku a shekara ta biyu, sannan ka sa ranar jarrabawa kusa da kammala difloma, lokacin da kake iya gina rezo mai rauta uku da VLAN da OSPF a Packet Tracer ba tare da duba littafi ba. Rajistar tana buƙatar katin banki da ke biya ta intanet, kuma sunan da ka rubuta dole ya yi daidai harafi da harafi da wanda ke kan fasfo ko katin shaidarka. Idan a gida za ka rubuta ta, ka tanadi ɗaki da ba mai shigowa, batir da ya cika, da layi na biyu na intanet, domin yankewar kamara a tsakiyar jarrabawa tana iya sa a soke zaman. Idan ba ka da tabbacin waɗannan, ka duba jerin cibiyoyin jarrabawa a shafin Pearson VUE ka zaɓi mafi kusa, ka sa kuɗin mota da na kwana cikin lissafin tun yanzu.